Sa Hannunka, Garanti

Direba ake ce masa, ko da yake motarsa ba ta taɓa taka kwalta da ƙafarta ba. Motar yankan ciyawa ce, irin wadda ake hawa a zauna a kai, ja, mai ƙananan tayoyi a gaba da manya a baya, da wani faffaɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin cikinta inda wuƙaƙe biyu ke juyawa. Abokansa ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓe abinsa hannu bibbiyu. Da ita yake aske filin ƙwallon wata makaranta, da farfajiyar wani otal, da harabar gidajen masu hali. In ya gama da fili ya sauko, sai ka rantse da reza aka bi shi.

A ƙarƙashin injin motar akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kama da tukunya a kife. Shi ne kuloci, kuma na lantarki ne. In ka ja makunnin da ke gefen sitiyari, wuta ta shiga cikinsa, maganaɗisu ya janyo faranti ya manne, bel ya ɗauka, wuƙaƙe su kama aiki. In ka danna makunnin, wuta ta ɗauke, farantin ya saki ya koma ya dafe da birki, wuƙaƙe su tsaya cak kafin ka sauke ƙafa ƙasa, inji kuwa yana ta rurinsa. Duk mai wannan sana'a a kan wannan tsayawar ya jingina lafiyarsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Da kulocin da motar ta zo da shi ya tsufa ya ƙone, Direba bai yi wani dogon tunani ba, ya kai ta garejin mijin yayarsa. Bakanike ne, mai katon ciki da faɗin baki, wanda ba ya rufe zance sai da kalma ɗaya. In ya ɗaura noti, garanti ne. In ya ce za a yi ruwa, garanti ne. An ce ranar da ya je neman auren Yaya ma abin da ya gaya wa iyayenta ke nan, shi ya sa har 'ya'yan cikinsa in ba ya kusa Garanti suke ce masa.

Ya shiga ciki ya fito da kwali mai sheƙi, ya zaro kuloci fari fat kamar azurfa, ya juya shi a rana.

“Ƙanina, ka ga wannan? Sabo dal, daga kamfani. Sai motar ta mutu ta bar shi. Don kai ne ma na fito da shi, wani na ajiye wa.”

“Babban yaya, ka tabbata?”

“Garanti ne.”

Ba a daɗe ba Direba ya fara jin abin da bai gane ba. Da zarar inji ya ɗau zafi sai wani siririn kuka ya taso daga ƙasa, kamar sauro a cikin kunne, ga kuma ƙaurin ƙarfe. In ya danna makunni, wuƙaƙen sai sun yi ta jan jiki kafin su tsaya. Ya koma gareji ya faɗa. Garanti ko sunkuyawa bai yi ba, yana goge hannu da tsumma ya ce, “Sabo ne, bai zauna ba tukuna. Kai ma ranar da ka sayi takalmi ai sai da ya cije ka. Je ka yi aikinka.”

Direba ya yi dariya ya tafi. Wannan dariyar ita ce ta fi ci masa rai daga baya.

Wata safiya ce bayan an kwana ana ruwa. Ciyawar otal ta jiƙe sharkaf, tana dunƙulewa tana toshe bakin da murfin ke tofar da ita. Ya danna makunni, ya ja birkin tsayawa, ya sauko, ya durƙusa kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, ya zura hannun dama don ya janyo dunƙulen. Rurin inji ya rufe komai. Bai ji zafi ba da farko. Ji ya yi kamar wani ƙato ya fizgi hannun ya maka masa sanda. Da ya zaro ya duba, sai ya ga babban yatsa da ɗan ƙaramin suna nan, tsakaninsu kuma babu komai sai jini.

Yana kwance a asibiti Garanti ya je otal ya ɗauke motar, wai don kada a sace ta. Kowa ya yaba masa.

Da aka sallame shi dangi suka taru a falon Inna, mahaifiyarsu, don yi masa jaje. Ana cikin sannu da Allah ya kiyaye gaba, sai Garanti ya gyara zama ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

“Inna, ba na son in yi magana a irin wannan rana, amma saboda gobe. Na duba motar nan da idona. Akwai waya a ƙarƙashin kujera wadda ke kashe inji in mutum ya tashi bai kashe wuƙa ba. Yaron nan yanke ta ya yi, don gaggawa. Makunnin kuma a jaye na same shi. Bai kashe ba ya sauka. Sau nawa ina yi masa faɗan ganganci?”

Direba ya miƙe tsaye, hannu a naɗe a ƙirji. “Ni? Ni na yanke waya? Ban zo na gaya maka kulocin nan yana kuka ba?”

“Zafin ciwo ne, Inna, ku yi masa uzuri.”

“Zauna,” in ji Inna. “Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru. Kada in ƙara jin maganar nan. Mijin yayarka ne.”

Ya juya ya dubi Yaya. Ita ce ta goye shi yana ƙarami, ita ta riƙa tare masa faɗa a hanyar makaranta. Idonta na kan ƙafafunta, tana murza bakin zanenta, ba ta ɗago ba.

Washegari ya je gareji. Motarsa na can ƙurya an lulluɓe ta da tamfol. Ya yaye, ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Kulocin da ke jikinta baƙi ne, ba farin da aka sa masa ba. Ya ɗaga kujera, ya ga wayar a yanke, bakin tagullarta na ƙyalli, ko ƙura bai ɗauka ba.

“Ina wanda ka sa mini?”

“Shi ke nan a gabanka,” in ji Garanti, ko ƙifta ido bai yi ba. “Ko asibiti sun taɓa maka ido ne?”

Ashe Garanti bai tsaya a falon Inna ba. Ya gaya wa manajan otal labarin waya, manajan otal ya gaya wa shugaban makaranta, kafin a kwance ɗinki magana ta zaga gari. Duk ƙofar da Direba ya ƙwanƙwasa sai a ce masa a sauƙaƙe, Allah ya ƙara lafiya, za a neme shi. Ba wanda ke son mai ganganci ya zubar masa da jini a kan ciyawa. Yatsu sun tafi, aiki ya bi su, sunan da ya daɗe yana ginawa kuma ya zama abin yi wa masu koyo gargaɗi.

Zuciya ta fara cin sa. Ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, cokali na kuɓuce masa, yatsun da babu su suna yi masa ƙaiƙayi ya rasa inda zai sosa. Shi kansa ya san da ya kashe injin gaba ɗaya kafin ya zura hannu da abin bai faru ba, kuma sanin hakan bai rage masa komai ba sai ƙara masa wuta. Kuskurensa ya biya da namansa. Ɗayan kuwa yana can yana buɗe gareji kullum safiya yana fito.

Wata rana da hantsi matarsa ta same shi a bayan gida yana ɗura fetur a jarka da hannun hagu, rabi na zuba a ƙasa. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi jarkar. Mace ce marar yawan magana, tela, wadda tun ranar falon Inna ba ta ƙara gaishe da Garanti ba.

“Maigida, in ka ƙona garejin, kai za a ɗaure, shi kuma a taru a yi masa jaje. Har taimako za a haɗa masa. Haka kake so?”

“To in zuba masa ido?”

“Wa ya ce ka zuba masa ido? Wuta ai minti kaɗan ce ta gama. Ni so nake abin ya ci shi a hankali, yana ji yana gani, kamar yadda nake kallonka kana fama da maɓalli.” Ta karɓe jarkar ta rufe. “Hannun nan da kake ɓoyewa a aljihu, fito da shi. Ya fi fetur.”

Daidai tsallaken titi, fuska da fuska da garejin Garanti, akwai rumfar wani mai faci, dattijo mai son hira wanda ya taɓa yin rigima da Garanti a kan wurin ajiye motoci. Direba ya roƙe shi aron gefen benci. Mai faci ya share masa da kansa.

Daga ranar, kafin Garanti ya buɗe kwaɗon garejinsa Direba ya zauna. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. In mota ta tsaya aka fara sauke injin yankan ciyawa, sai ya miƙe, ya ɗaga hannun dama sama sosai, babban yatsa can, ƙarami can, fili a tsakiya, ya yi murmushi.

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe! Kuloci za a sa? Ni ma nan aka sa mini.”

Iyakarta ke nan. Sai ya koma ya zauna.

Wasu su yi kamar ba su ji ba. Wasu su tsaya da igiya a hannu, su dubi hannun, su dubi garejin, su ce bari su je su dawo. Ba sa dawowa.

Da farko Garanti dariya ya mayar da abin. Yana nuna shi da sifana yana cewa, “Ƙanin matata ne, tun da abin ya same shi kansa ya ɗan taɓu.” Har shayi ya aiko masa. Direba ya karɓa ya yi godiya, ya tuttular a kwata a gaban idonsa. Da tafiya ta yi tafiya dariyar ta ƙafe. Garanti ya kira ɗan sanda. Ɗan sandan ya zo yana muzurai, Direba ya miƙe ya ɗaga masa hannu shi ma.

“Me kake yi a nan?”

“Gaisuwa, yallaɓai.”

“Me kake gaya wa mutane?”

“Cewa nake nan aka sa mini kuloci. A tambaye shi, in ba nan ba ne in tashi.”

Ɗan sandan ya juya ga Garanti. “Nan ne?”

Garanti ya yi ta kame-kame. Ɗan sandan ya gyara hularsa ya ce shi dai bai san dokar da ta hana gaisuwa ba, ya sa mai faci ya ƙara masa iska a tayar babur, ya tafi.

Da rana in titi ya yi shiru, Direba kan bi abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Wani ya ce nasa da inji ya yi zafi sai ya ƙi kama wuƙa sam. Wani nasa ya ƙone ya cinye masa batir. Wani nasa ya cije ya tsinka bel, bel ɗin ya zabge shi a ƙwauri. Kowa ya ɗauka rashin sa'arsa ce, ya jefar da mataccen a bayan shago. Direba ya roƙe su suka ba shi. Ya zauna da ƙusa yana kankare farin fentin, tsatsa na fitowa a ƙasa, wani ma har da tsohon tabon ƙuna. Wani mai sayen tsoffin ƙarafa da ya zo wucewa da kurarsa ya tsaya ya ɗauki ɗaya ya juya.

“A'a, ai waɗannan nawa ne. Mutumin can nake kai wa. Ba ya barin ko ɗaya ya wuce shi. Buɗewa yake ya cusa giris, ya fesa fenti. Kwalayen ma ni nake samo masa.”

Direba ya zura su a waya ya rataye a jikin rumfar mai faci. In iska ta kaɗa sai su riƙa gwaruwa, ƙarar na tsallaka titi. Mai faci ya ce bai taɓa samun talla irin wannan ba, mutane na tsayawa kallo su tuna tayarsu ba iska.

Sai Yaya ta zo gida. Ta rame, ta ƙi zama a kujera, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Auta, ka tashi daga wurin nan. Don Allah. Yaran nan naka ne, kai ne kawunsu. A makaranta ana nuna su.”

“Ki gaya masa ya zo gaban Inna, gaban duk waɗanda suka zauna a falon ran nan, ya ce shi ya yanke wayar. In ya faɗa, na tashi.”

“Ka san ba zai iya ba.”

“To ni ma ba zan iya ba.” Ya dube ta. “Yaya, tambaya ɗaya. A ina yake fesa fentin?”

Ta kawar da kai.

“A bayan gidanku ne, ko? Kusa da igiyar shanya. Kina gani. Ranar da yake magana a falo kin sani.”

“Mijina ne,” ta ce a hankali.

“Ni kuma fa?”

 Ta juya ta fita, matarsa na kan keken ɗinki ba ta ko ɗaga ƙafa daga feda ba.

Garejin ya yi ta bushewa. Masu aikin Garanti suka watse. Abin da ya rage masa na kirki shi ne babban filin wasanni na gari, mai motocin yanka da yawa, wanda wata mata ke shugabanta, kowa na ce mata Manaja. Ita ba ta zuwa da kanta, aike take yi, don haka ba ta taɓa ganin hannun Direba ba.

Ranar da ta zo, rana ta take. Ta fito daga mota da tabarau, aka sauke wata koriyar motar yanka daga bayan babbar mota. Direba na jin muryarta daga tsallake, tana cewa masu aikinta sun ƙi hawa, wai tun da aka canza kuloci wuƙa ba ta tsayawa. Garanti na ta rusunawa yana cewa bel ne kawai, ƙaramin abu, yanzun nan. Ya tayar da inji, ya ja makunni, ya danna, wuƙa ta tsaya. Ya buɗe hannuwa yana murmushi.

“Kin gani, ranki ya daɗe? Lafiyarsa lau. Garanti ne.”

A karo na farko tun da ya fara zama a bencin, Direba ya tsallaka titi.

“Ranki ya daɗe, da sanyinsa ne. A bar shi ya yi zafi.”

Ta cire tabarau ta dubi hannun da ya ɗaga. “Kai kuma wane ne?”

“Ƙanin matarsa. Ni ma nan aka sa mini.”

“Mahaukaci ne,” in ji Garanti. “Fita mini daga gareji!”

“A bar shi ya yi zafi,” in ji Manaja.

Aka sa wani ya zauna a kujera, aka ja makunni aka bar wuƙaƙe na juyawa. Mai faci ya ajiye tayar da yake yi ya matso. Masu shaguna suka fito, masu wucewa suka tsaya, kafin ka ce me bakin gareji ya cika. Daidai lokacin Yaya ta iso da kular abincin mijinta, ta tsaya a gefe tana raba ido. Can sai Direba ya ji shi, siririn kukan nan kamar sauro. Gashin jikinsa ya tashi, guntayen yatsunsa suka fara zugi. Ya dubi Garanti, ya ga shi ma ya ji.

Direba ya sa hannun hagu ya sauke murfin wuƙaƙen har ƙasa, yadda ba mai iya hangen abin da ke ciki. Ya danna makunni. Ya ja birkin tsayawa, na kan kujerar ya sauko. Inji na ta ruri.

“Na kashe. Kowa ya gani na kashe, wayar kujera kuma tana nan ba a yanke ba. Garanti, wuƙa ta tsaya?”

“Ta tsaya mana!”

“Garanti ne?”

Aka yi 'yar dariya a cikin taron. Gumi na bin wuyan Garanti. “Garanti ne,” ya ce.

“To sa hannunka.”

Direba ya nuna bakin murfin.

“Nan, ta bakin nan. Kamar yadda na sa nawa. In ta tsaya ai ba abin tsoro. Ka sa, ka fito da shi lafiya, ni kuma na rantse in kwashe ƙarafana in tafi, in tsaya a gaban Inna in ce ƙarya na yi maka.”

“Sa mana!” in ji wani daga baya. Wani ya karɓa. “Sa hannunka, Garanti!”

Manaja ta harɗe hannuwa ba ta ce a bari ba.

Abin da Direba ya zata shi ne mutumin zai ja da baya, ya kawo wani uzuri, a yi masa ihu, a watse. Sai ya ga ya naɗe hannun riga. Ya ga ya durƙusa da ƙyar, cikinsa na tokare gwiwa. Garanti ya dubi taron, ya dubi Manaja, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, irin na wanda ya gwammace komai a kan ya ce ya yi ƙarya. Wataƙila yana fatan wannan karon ta tsaya ɗin. Ya miƙa hannu, yatsunsa suna kusantar bakin murfin.

Direba na tsaye a kansa. Yana ganin 'yan ganyayen da ke ƙasa kusa da bakin suna karkaɗawa, alamar iskar wuƙa. Kalma ɗaya ta isa. Makullin inji ma na nan kusa da hannunsa, murɗawa ɗaya. Ya ji kalmar ta taso masa har maƙogwaro, ya danne ta da haƙora. Wani daɗi mai sanyi yana ratsa shi tun daga ƙafa. So yake ya ji ƙarar.

Kula ta faɗi ƙasa. Yaya ta fizgi doguwar tsintsiya mai sanda da ke jingine a bango, ta bangaje mijinta da kafaɗa, ta cusa sandar a bakin murfin.

Ƙarar ta yi kamar harbi. Sandar ta fizge daga hannunta, guntaye suka watsu ko'ina, mutane suka dare suna salati. Wani guntu ya daki kwanon rufi, wani ya same ta a saman gira. Mai faci ne ya yi tsalle ya murɗe makulli. Inji ya mutu, amma kowa na jin wuƙaƙen a ciki suna juyawa, suna juyawa, kafin a hankali su lafa.

Garanti na zaune dirshan a ƙasa cikin baƙin mai, ya riƙe hannun damansa da na hagu yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Ba wanda ya yi dariya. Manaja ta mayar da tabarau ta ce a ɗora mata motarta, a kuma fito da sauran nata da ke ciki, ko an gama ko ba a gama ba.

Yaya ta dafe goshi, jini na bin tsakanin yatsunta. Direba ya matso zai kama ta, ta ja da baya.

“Da ka bar shi ya sa,” ta ce.

Bai yi musu ba.

“Na ga fuskarka, Auta. Kai nake kallo, ba shi ba. Jira nake ka ce a bari.”

“Ni wa ya ce mini in bari?”

Ta dube shi da ido ɗaya, ɗayan jini ya rufe. Ta sunkuya ta ɗauki kularta, ta kama hannun mijinta ta tashe shi, suka shige ciki.

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa ta zuba masa abinci ta zauna tana kallonsa yana ci, ya cinye tas har ya nemi ƙari, abin da ya daɗe bai yi ba. Da ya gaya mata yadda Yaya ta yi, sai ta ce, “Allah ya so ka,” shi kuwa a ransa haushin tsintsiyar yake ji. Inna ta aiko a kira shi, ya je, ta yi ta faɗa tana kuka, ta ce ya tozarta gidan yayarsa a bainar jama'a. Ya saurara har ta gama. Ya ce, “Inna, yanzu kin yarda ban yanke waya ba?” Ta ce ba wannan ake magana ba. Ya tashi ya sa takalmansa.

Otal ba su neme shi ba, makaranta ma haka. Wasu gidaje biyu dai sun kira shi, ya karɓo motarsa, wani bakanike a can wata unguwa ya sa mata kuloci a gabansa, ya fara koyon riƙe sitiyari da abin da ya rage masa. Aikin safe ne, kafin hantsi ya gama ya koma benci. Yaya ta daina zuwa gidan Inna in ta san yana nan. An yi mata ɗinki a gira, tabon ya zauna.

Kafin damina ta ƙare garejin ya mutu murus. Wata rana aka wayi gari da babbar mota a ƙofarsa, ana loda jak da akwatunan sifana da tebur. Da aka kusa gamawa Garanti ya tsallako titi. Ya zube, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya a gaban bencin.

“To, ka ci. Ka ƙoshi?”

“Ka je gaban Inna ka faɗa.”

“Ka kashe mini sana'a, ka raba ni da mutuncina, ka fasa wa 'yar'uwarka goshi. Me kuma ya rage?”

“Wa ya yanke wayar?”

Bakin Garanti ya motsa. Direba ya zuba masa ido, har ya ɗan karkato gaba. Sai mutumin ya juya kai ya tofar da yawu a gefen titi, ya koma ya ci gaba da ɗaure kaya.

Direban babbar motar ya zo rumfar mai faci neman ruwan da zai zuba a lagireto. Direba ya tashi ya miƙa masa jarka da kansa.

“Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ina za a kai kayan?”

“Can bayan tashar jirgin ƙasa, layin masu walda. Wai ya samu wata 'yar rumfa, zai sake buɗewa.”

“Allah sarki. A bakin titi take?”

“A bakin titi.”

“Tsallaken fa, akwai inuwa?”

Mutumin ya ɗan yi tunani yana zuba ruwa. “Akwai wata bishiya babba, daidai saitin ƙofar.”

“Madalla,” in ji Direba.